Maafushi ko otal mai nisa: amsa ga Alhaji kan tafiyar nutso a Maldibi

Alhaji, barka da war haka. Tsakanin masaukai biyun da ka kawo, wato gidan baƙi a tsibirin Maafushi da otal ɗin can na kudu mai ɗakuna a kan ruwa, wanda ba a kai shi sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a teku, shawarata ka kama Maafushi. Tunda nutso cikin teku da tukunyar iska ne zai kai ka, kuma ka ambaci cewa kana shan maganin hawan jini, abin da za ka fara aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin gadon kwananka da likitan da ya san ciwon nutso. Kyan ɗaki sai ya biyo baya.

A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na bakin teku sau biyu, kuma iskar naitirojin da yake shaƙa daga tukunyar da ya goya tana ta narkewa cikin jininsa da tsokarsa muddin yana ƙasa. Idan ya taso da gaggawa, ko ya daɗe fiye da kima, sai ta fito kumfa-kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemon da aka buɗe farat ɗaya. Wannan shi ne ciwon nutso, kuma alamunsa sun haɗa da ciwon gaɓoɓi, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, da kasala mai tsanani, da ƙaiƙayin fata, da jiri, da mutuwar hannu ko ƙafa, wani lokaci har da riƙewar fitsari. Abin da ya fi damuna a ciki shi ne ba dole ba ne su bayyana a cikin ruwa: mutum zai iya fitowa lafiya lau, ya yi wanka, ya ci abinci, sai bayan sa'o'i jikin ya fara magana, kuma ga wanda ya yi nutson la'asar hakan na nufin bayan faɗuwar rana. Jiragen nan masu sauka a teku kuwa da rana kaɗai suke tashi a Maldibi. Maganin farko shi ne iskar oksijin zalla, sannan a gaggauta kai mutum ɗakin matsin iska, wato rufaffen ɗakin jinya da ake ƙara matsin iskar cikinsa don kumfar ta narke, inda zama ɗaya na magani kan kai sa'a huɗu da minti 45, kuma jinkiri yana iya barin lahani a jijiyoyi.

Irin wannan ɗaki ba a kowane tsibiri yake ba. Ƙasar tana da tsibirai kusan 1,200 a warwatse, kuma sanannun ɗakunan matsin iska suna tsibiran Bandos, wanda ke dab da Male babban birnin ƙasar, da Kuramathi, da Kuredu a can arewa. Manyan asibitoci irin su IGMH da ADK suna cikin Male, Tree Top kuma yana Hulhumale. Maafushi yana da tazarar kusan kilomita 27 daga Male, tafiyar abin da bai kai sa'a ɗaya ba a jirgin ruwa mai gudu idan teku a kwance take, kuma jirgin ruwa yana fita da dare idan larura ta kama.

Na ga amfanin wannan kusanci da idona. Mun dawo daga nutso a mashigar Guraidhoo da ke kusa da Maafushi, inda ruwa ke da ƙarfin ja, sai bayan sallar isha'i abokin tafiyata ya ce kafaɗarsa ta dama tana masa zugi. Mai gidan da muka sauka bai tsaya cewa a bari zuwa safe ba. Ya kira jagoran da ya shiga ruwa da mu, shi kuma ya zo da tukunyar oksijin a kafaɗa, ya kwantar da abokin nawa, ya ɗora masa abin shaƙa a fuska, ya karanta zurfi da tsawon lokacin nutson daga agogon da ke hannunsa, ya faɗa wa likita ta waya. Likitan ya ce a kawo shi a duba, kuma cikin daren aka tayar da jirgi, mai gidan da kansa ya shiga ya raka mu. Allah ya taƙaita, aka gano tsoka ce ta gurɗe wajen ɗaga tukunya. Da muka dawo da hantsi mun tarar uwargidansa ta ajiye mana shayi da mas huni, abincin karyawarsu na kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, wanda ake ci da wani siririn gurasa da suke kira roshi. Ga masallaci ana zuwa da ƙafa, ga kiran salla a kan lokaci, kuma ba a sayar da giya a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune. Sai dai ka sani Maafushi ƙaramin wuri ne mai cunkoson baƙi, ana ta gine-gine, don haka ka roƙi ɗakin da ba ya kallon wurin aiki.

Otal mai nisa kuwa na taɓa biya na kwana a irinsa. Kyau kam akwai shi, amma kuɗin jirgin da ya kai ni ya isa kwanaki a gidan baƙi, kuma da na tambayi inda ake kai mai ciwon nutso da dare, amsar da na samu ba ta kwantar mini da hankali ba. Idan uwargida ta nace sai ta ga ɗakin kan ruwa, ku yi kwana ɗaya ko biyu a can kafin ka fara nutso.

Kafin ka bar Abuja ka ga likitanka da takardar tambayoyin lafiya da cibiyoyin nutso ke bayarwa, wadda za ka iya saukewa daga shafin PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke koyar da nutso. A ƙa'idarta, wanda ya haura shekara 45 kuma yake da hawan jini sai likita ya sa masa hannu, kuma ya fi sauƙi a yi wannan a gida, wurin wanda ya san tarihin jikinka da maganin da kake sha, fiye da a tsibiri ana jiranka a bakin jirgi. Ciwon asma da ciwon suga da matsalar kunne duk ana tambaya a kansu. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: mai cutar sikila bai kamata ya yi nutso da tukunya ba, don haka idan akwai yara ko matasa a tafiyar, a yi musu gwajin sikila tun a gida. Zazzaɓin cizon sauro ba abin damuwa ba ne a can, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga ƙasar a 2015, amma akwai zazzaɓin dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga mai zuwa daga Nijeriya. Biza ta kwana 30 a filin jirgi ake bugawa, amma sai ka cike takardar IMUGA, wato takardar bayanan matafiyi ta hukumar shige da ficen ƙasar, ta intanet cikin sa'o'i 96 kafin isowarka.

Ba ka tambaya ba, amma zan ja kunnenka game da dillalan tafiye-tafiye da ke tallata garaɓasa a Instagram da WhatsApp. Wasunsu farashin ɗaki kaɗai suke nunawa, su ɓoye kuɗin jirgin da zai kai ka tsibirin, da kashi 10 cikin 100 na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 cikin 100 a Yulin 2025, da harajin muhalli, wanda tun Janairun 2025 yake dala 12 a kowace rana ga kowane mutum a manyan otal, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi. Ka sa a rubuta maka jimillar kuɗin gaba ɗaya, sannan ka tuntuɓi masaukin da kanka ka tabbatar sunanka yana wurinsu kafin ka tura cikon kuɗi. Mafi hatsari ita ce takardar inshorar da suke haɗawa a matsayin kyauta, domin inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa tana cire nutso da tukunya, ko ta ƙayyade zurfi. Ka nemi wadda ta ambaci ɗakin matsin iska da jigilar gaggawa ƙarara, irin ta DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso. A can tsibirin ma, duk cibiyar da ta ce ka amsa "a'a" ga dukan tambayoyin lafiya don a huta da neman likita, ko ta kasa nuna maka tukunyar oksijin a cikin jirginta, ka karɓi kuɗinka ka nemi wata. Mai takardar shaidar koyon nutso ta matakin farko iyakarsa mita 18 ne, dokar ƙasar kuma ta tsayar da kowa a mita 30, kada wani jagora ya ja ka ƙasa da abin da shaidarka ta ba ka.

Ka tsara tafiyar tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin da ruwan sama ke ƙaranci, kuma ka tuna jiragen ruwa na haya na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a. Ranar ƙarshe kada ka shiga ruwa da tukunya: ƙa'idar DAN ita ce aƙalla sa'a 12 bayan nutso guda, sa'a 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, kafin a hau jirgin sama, kuma da yake zaman jirgi daga Male zuwa Doha sannan Abuja mai tsawo ne, ka cika ta sa'a 24.