Digirin Koyar da Addini da Kasuwanci: Ina Aikin Yake Bayan an Gama?

Kwas ne da ke haɗa darussa biyu a takardar shaida ɗaya, ɗalibi ya fita malamin addini kuma malamin kasuwanci. Ana ba shi ilimin koyarwa, wato sanin halayyar yara, tsara darasi da shirya jarrabawa, tare da koyarwar gwaji a aji. A ɓangaren addini akwai nassi, tarihi da tarbiyya, a na kasuwanci kuma akwai ajiye lissafin shiga da fita, tattalin arziki, dokar kwangila da dabarun talla.

Babban amfanin haɗin yana cikin jadawalin mako. Darasin addini ba kasafai yake wuce sau biyu a mako ga kowane aji ba. A ƙaddara an ɗora wa malami darasi 24 a mako, addini kaɗai yake koyarwa. Sai ya riƙe aji 12, idan kowane aji na da yara 30 to yara 360 ke nan, kowa da takardar jarrabawarsa da za a duba. Ƙaramar makaranta kuwa ba ta da azuzuwan da za su cike masa wannan adadi, sai a ba shi aikin rabin lokaci ko a raba shi tsakanin makarantu biyu. Mai darasin kasuwanci a hannu ya tsira daga wannan, domin shugaban makaranta zai cike gurbi biyu da albashi ɗaya.

Sai dai darajar rabin addinin tana bin dokar ƙasa ne, kuma a nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. A Faransa an cire darasin addini daga makarantun firamare na gwamnati tun 1882, ban da yankin Alsace da Moselle. A Amurka hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 ya hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada a makarantun gwamnati, don haka yawancin guraben suna makarantu masu zaman kansu. Ingila ta wajabta darasin tun dokar ilimi ta 1944. Jamus ta sanya shi a sashe na 7 na kundin tsarin mulkinta na 1949, amma digiri kaɗai ba ya isa: malamin Katolika sai da izinin bishop, na Furotesta sai da na cocinsa, na Musulunci ma a wasu jihohi sai da ijaza. Wannan izini ana iya janye shi, kuma ranar da hakan ta faru darasin kasuwanci ne zai riƙe wa mutum aikinsa.

Rabin kasuwancin ya fi samun karɓuwa a makarantun koyon sana'a da manyan azuzuwan sakandare. Shi ma da sharaɗinsa. Jihohin Jamus da dama suna neman kusan shekara guda ta aiki a kamfani kafin a ba mutum ajin makarantar sana'a, kuma da hujja, domin wanda bai taɓa daidaita lissafin ƙarshen wata da hannunsa ba zai sha wuya a gaban ɗalibai masu yin wannan aiki kullum.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne zurfi. Lokacin karatun da ɗalibin akanta ke ba fanni ɗaya, ɗalibin wannan kwas ya raba shi uku. Yakan tsaya a matakin farko na lissafi, bai kai ga haraji da binciken asusu sosai ba. Wanda ke ganin zai tsallaka banki ko ofishin akanta da wannan takarda kaɗai ya sake tunani. Shaidar ACCA ta ƙwararrun akantoci, alal misali, jarrabawa 13 ce. Haka harkar kuɗi ta Musulunci, wadda ta dace da wannan haɗi ƙwarai, tana buƙatar ƙarin shaida irin ta AAOIFI, cibiyar tsara ƙa'idojin akanta na harkar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain tun 1991. Ofisoshin zakka da waƙafi, makarantun mishan da ƙungiyoyin agaji sun fi sauƙin shiga, saboda suna neman wanda ya san mutane kuma ya iya riƙe littafin kuɗi.

Akwai kuma matsalar tsari. Darussan biyu daga tsangayu daban suke, laccoci kan ci karo, har a jinkirta mutum zango guda. Wasu kuma koyarwar gwajinsu a darasi ɗaya kawai ake yi, su fito ba su taɓa tsayawa gaban aji da ɗayan ba.

Kwas ɗin ya dace da wanda koyarwa ce burinsa na gaske. Kafin a biya kuɗin rajista, a tambayi hukumar rajistar malamai ko ta amince da wannan haɗi, a tambayi wa ke ba da izinin koyar da addinin da kuma sharuɗɗansa, sannan a nemi tsangaya ta tabbatar a rubuce cewa koyarwar gwaji za ta shafi darussan biyu.