Za ka ƙaura da kaya? Ga yadda na'urorin bin sawu suka bambanta

Tambayoyi biyu ne ke damun mai ƙaura, kuma ba na'ura ɗaya ce ke amsa su ba. Ta farko: yanzu haka ina motar kayan take? Ta biyu: kwalayen da aka loda, duk sun sauka kuwa? Kafin ka fitar da kuɗinka, ka tantance wadda ta fi hana ka barci.

Waɗanda aka fi sani su ne ƙananan na'urorin Bluetooth, irin AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021, da SmartTag2 na Samsung da ya fito a 2023, da Tile, da Chipolo. Mutane da yawa na zaton GPS ne a cikinsu. Babu. Sigina kawai suke fitarwa, sai wayar wani da ke wucewa ta kama, ta aika wurin zuwa intanet ba tare da mai wayar ya sani ba. Ke nan amfaninsu ya dogara ga yawan wayoyin da ke kusa. A cikin birni za ka riƙa ganin kayanka suna matsawa a taswira, amma idan mota ta shiga dajin da ba kowa, ko aka kulle kayan a kwantenar ƙarfe, sai ka ji shiru na sa'o'i ko kwanaki.

Wayar da ke hannunka ita za ta yanke maka rabin hukunci. AirTag sai da iPhone, SmartTag2 kuma sai wayar Galaxy. Mai sauran wayoyin Android ya nemi na'urar da ke aiki da tsarin neman kaya na Google, wanda aka buɗe a 2024, kamar Moto Tag ko wasu samfuran Chipolo da Pebblebee. Tile yana tafiya da wayoyin biyu, sai dai wayoyin da ke kai masa rahoto ba su kai na Apple yawa ba. Batir ba abin damuwa ba ne, domin ɗan zagayen nan CR2032 da ke cikin AirTag yakan kai kusan shekara, kuma da hannunka za ka canza shi.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. An ƙera waɗannan na'urori yadda za su tona kansu, don kada a yi amfani da su wajen bibiyar mutane a ɓoye. Idan AirTag ya daɗe ba ya kusa da mai shi, yakan fara ƙara in an motsa shi. Tun 2024 kuma Apple da Google suka haɗa kai, wayoyinsu na gargaɗin mutum idan wata baƙuwar na'ura tana tafiya tare da shi. Saboda haka direba zai iya ganin saƙo a wayarsa tun ba a yi nisa ba. Gara ka faɗa masa tun farko, hakan ya fi mutunci, kuma ba zai tsorata ya ciro ta ya yar a hanya ba.

Ita tambayar ƙirga kaya, RFID ne maganinta. Siririyar takarda ce mai ɗan guntu a ciki da ake mannawa a jikin kwali, ba ta da batir, daga na'urar karantawa take samun wuta. Wani nau'inta da ake kira UHF ana karanta shi daga nisan 'yan mitoci, ɗaruruwa a lokaci guda, ba sai an juyo kowane kwali ba. Shi ya sa kamfanin jiragen sama na Delta ya fara sa ta a jakunkunan fasinjoji a 2016. Takardar araha ce, na'urar karantawa da manhajarta ne ke da tsada, don haka kamfanin ɗaukar kaya ta fi dacewa da shi, ba mai ƙaura sau ɗaya ba. Ƙarfe da ruwa na rage mata ƙarfi, kayan ƙarfe sai an nemi irin da aka yi dominsu. Sannan da zarar mota ta tashi, ba za ta gaya maka inda take ba.

NFC ƙanwarta ce, sai ka kanga waya a jikinta kafin ta karantu. Ta isa ta nuna maka abin da ke cikin kwali ba tare da ka yage shi ba, aikin da lambar QR ma za ta yi a kuɗi kaɗan.

Wanda ke son ganin motar kai tsaye, na'urar GPS mai layin waya ce tasa. Ba ta jiran wayar kowa, amma akwai kuɗin wata-wata, tana son caji, kuma ita ma ƙarfe na tare mata tauraron ɗan'adam.

A ganina, mai ƙaura da iyalinsa bai kamata ya sa na'ura a kowane kwali ba, ɓarnar kuɗi ce. Biyu ko uku sun isa: ɗaya a akwatin kaya masu daraja, ɗaya a kwalin da ke kusa da ƙofar mota inda sigina ya fi fita. Sauran a rubuta musu lamba a ɗauki hoto. Idan kamfani za ka ba aikin, ka tambaye su ko suna karanta kowane kwali lokacin lodi da lokacin saukewa, kuma ko za su ba ka jerin kafin mota ta tashi.