Akwatin malala ga tankin kifin da ba a huda ba: mai bututun U ko mai injin zuƙar iska?

Malam, ka ce tankinka na gilashi ne, tsawo santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, ba huda, kana son ajiye tankin tacewa a ƙarƙashinsa, kuma ka rasa wane akwatin malala za ka rataya cikin biyun nan, wato akwatin da ake ratayawa a bakin tanki, rabi a ciki rabi a waje, yana kai ruwa tankin ƙasa.

Aikinsu ɗaya da na ɗan bumburutu da tiyonsa: ruwa ya hau, ya tsallake bakin gilashi, ya gangara, muddin iska ba ta shiga ba. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne yake yi da iskar.

Mai bututun U, irin na kamfanonin Eshopps da LifeReef, bakunan bututun biyu a nutse suke, ɗaya a akwatin ciki, ɗaya a na waje. Ko famfon da ke mayar da ruwa sama ya tsaya, ruwan cikinsa na nan. Gudun ruwa ne kawai yake korar kumfa, kuma nan rauninsa yake. Ka sayi babban akwati ka haɗa shi da ƙaramin famfo, kumfa za ta yi ta taruwa a saman lanƙwasar har zuƙon ya yanke. Tankinka lita 243 ne, ana son ruwansa ya zaga ƙasa sau 3 zuwa 5 a awa, wato lita 730 zuwa 1,200. Akwatin da aka rubuta wa galan 300 a awa, kimanin lita 1,100, ya ishe ka. Kada ka ce gara babba.

Mai injin zuƙar iska kuwa, irin na kamfanin CPR, hanyar ruwansa mai faɗi ce, ruwa na tafiya a hankali, iska na maƙalewa a sama, sai an jona masa ɗan injin Aqua Lifter yana zuƙe ta. Da sauƙin tayarwa, ba sai ka sa baki a tiyo ba. Amma ka ɗora amanar falonka a kan ɗan injin da siririn tiyonsa yake toshewa da gansakuka, ga shi kayan Amurka yawanci na wuta mai volt 120 ne, tamu 230.

A Bauchi, inda wuta ke tafiya ta dawo ba sallama, ni mai U zan ɗauka. Ba ɗaukewar ce abin tsoro ba, dawowar ce: famfo ya tashi, zuƙo ya mutu, ruwan ƙasa kaf ya hau sama. A tankinka kowane santimita ɗaya lita 5.4 ne. In ka bar santimita 3 a sama, lita 16 kaɗai zai ɗauka kafin ya zubo, don haka ɗakin da famfo yake zaune a cikin tankin ƙasa kada ruwansa ya wuce haka. Da hunturu a ɗakin nan ne ƙafewar ruwa take nunawa, sai ka riƙa ƙarawa kullum.

Bututun da ke mayar da ruwa sama, ka yi masa ɗan rami kaɗan ƙasa da fuskar ruwa, don in wuta ta tafi ya sha iska ya daina janyo ruwa baya. Tankin ƙasa ma a bar masa sarari, don ruwan da zai gangaro in wuta ta tafi.

Wani zai ce a kai wa masu gilashi su huda kawai. Gaskiya ya fi duka biyun, sai dai in gilashin gasasshe ne, wato wanda aka ƙarfafa da zafi, da an fara huda shi zai tarwatse.

Ranar da ka haɗa, zare filogi da hannunka, jira minti goma, ka mayar. Yi haka sau biyar kana tsaye da bokiti, tun kafin kifi ya shiga.