Gyaran ƙafar baya da birkin Golf 3 a Katsina: abin da na samu bayan aikin

Duk mai son ya shiga fili da ƙaramar mota, hankalinsa kan inji yake fara zuwa. Ni ƙafar baya na kashe wa kuɗi, kuma wannan sharhi na aikin da wani makaniki a wajen Ƙofar Ƙwaya ya yi mani ne a kan Golf 3 ɗina. Motar ba ta haya ba ce. Ina fita da ita wani fili a bayan gari inda muke gwada gudu da kwana, nesa da kwalta da jama'a.

Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, kuma da ƙafar gaba take ja. A baya ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin biyu, yana ɗan murɗawa idan aka sha kwana. Tawa ta zo da birkin diram a baya, mai lainin a ciki. Abu uku na nema: a sauya bushin ɗin ƙarfen nan, wato robar da ke inda ya haɗu da jikin mota, a mai da birkin baya na faifai, sannan a ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin baya.

Kayan birkin daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka kawo su, na hannu, cirar Golf 2 GTI, faifai mai faɗin milimita 226. Nan na fara yarda da mutumin. Wani mai kaya ya so ya tura mana na Golf 3 GTI, shi kuwa ya ce a'a, wancan ramin kusoshi biyar gare shi, rim ɗina kuwa huɗu ne. Ya sa aka haɗo da wayar hambirki, don ta diram ba ta shiga. Da ya zo sa fad, wato abin da ke matse faifan, na ga bai danna fistin da ƙarfi ba, murɗa shi ya yi ta yi har ya koma ciki, domin fistin ɗin birkin baya haka yake so. Yara da yawa a gareji da ƙarfe suke danne shi, su kashe hambirkin tun ba a fita ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan wani ɗan bawul ne da ke maƙale kusa da ƙarfen baya, da sifirin a jikinsa. Aikinsa shi ne rage ƙarfin man birki da ke zuwa baya idan motar ba kaya, ya ƙara idan ta yi nauyi. Dalili kuwa, duk sanda ka taka birki nauyi gaba yake komawa, baya ya yi sakayau. In tayoyin baya suka riga na gaba kamawa, motar juyawa za ta yi da kai, kuma sitiyari ba zai cece ka ba. A motata bawul ɗin ya ci tsatsa ya daskare. Wani da ke zaune a garejin ya ce a ɗaure shi da waya kawai, haka ake yi wa na haya. Makanikin ya dube ni ya ce, "Malam, in kana son in ɗaure, sai dai ka kai wani wuri. Ni ba zan sa maka faifai a baya in bar wannan a mace ba." Ya kwance shi, ya wanke, ya daidaita sifirin, muka fita fili yana kallo daga gefe ina taka birki, yana ƙara gyarawa har gaba ya riƙa kamawa kafin baya. Wallahi ko wannan kaɗai ya yi, kuɗina sun biya. Ina ganin Golf nawa ke bin hanyar Jibiya da ta Daura cike da fasinja, sai in riƙa tunanin halin da bawul ɗinsu yake ciki.

Man birki ya zubar da tsohon duka ya zuba sabo, nau'in DOT 4. Man nan yana shan danshi, shi ya sa ake so a sauya shi duk shekara biyu.

Faɗaɗa baya kuwa, a nan ra'ayina ya rabu. An sa faranti mai kaurin milimita 15 kowane gefe, wato an ƙara 30 ke nan, da kusoshi masu tsawo daidai da ƙarin. Ya nace sai mai bakin da zai zauna daram a kan milimita 57.1 na tsakiya, ba irin wanda ake yankowa a wurin masu walda ba. Baya ya natsu ƙwarai, ya daina wutsil-wutsil a kwana. Sai dai gaban ya koma son miƙewa, kana karya sitiyari tana neman wucewa. Wannan bai faɗa mani ba kafin aiki, kuma ya kamata ya faɗa. Ga shi kuma farantin yana ƙara wa boris wahala, dole a riƙa girgiza tayar ana dubawa. In mutum biyu suka zauna baya, taya kan ɗan goga a madigadi.

Na nuna mashi yadda masu tseren ƙananan motoci a Amurka suke yi, irin masu tsohuwar Ford Pinto, inda tayar dama ta baya kan ɗara ta hagu girma. Ya ce, "Su ai hagu kawai suke juyawa a da'ira. Kai da kake shan kwana dama da hagu, bar ƙafafunka daidai." Gaskiya ya faɗa.

Inda ya gaza shi ne alƙawari. Ranar da ya sa ba ita motar ta fito ba, kuma waya sai ka yi ta kira. Hambirkin ma bai kai na diram riƙo ba, a gangare sai na haɗa da giya. Ba shi da injin alayimen, wani wuri na kai.

Mai Golf da ke tunanin wannan aiki, shawarata ya fara da bushin da bawul da sabon mai, ya ga yadda motar ta koma. Farantin kuwa, mako mai zuwa zan koma a rage shi zuwa milimita 10, ko a ƙara wa gaba nasa.