Scrabble ko cike-gurbi: wanne ke koya wa yaro ma'anar kalmomin Turanci?

Malama, kin ce ɗanki yana karanta Turanci tiryan-tiryan amma in aka tambaye shi abin da kalma take nufi sai ya yi ta sosa ƙeya, ga WAEC na tafe, kina so ki san wasan da za ki ɗora shi a kai: Scrabble, ko cike-gurbin nan da Turawa ke kira crossword. In dai ma'ana ce damuwar, cike-gurbi za ki ba shi.

Scrabble ba ruwansa da ma'ana. Allo ne mai gida 15 a tsaye, 15 a kwance, da 'ya'ya 100 na haruffa, kowa na riƙe da bakwai a hannu. Abin da ake dubawa ɗaya ne: kalmar da ka jera tana cikin ƙamus ko babu? A gasannin Najeriya ƙamus ɗin Collins ake bi, mai kalmomi sama da dubu 270, kuma gwanaye haddace su suke yi. Misali, QI. Bature da yawa zai mutu bai furta ta ba, amma duk ɗan Scrabble ya san ta, don Q maki 10 take ci, in ta hau gidan da ke ninka harafi sau uku ta kuma ci tsaye da kwance, 62 ke nan daga haruffa biyu. Akwai ZA, da XU, da AA, da ZO. Ma'anarsu? QI ƙarfin rai ne a aƙidar Sinawa, XU ƙaramin kuɗin Biyetnam, AA wani irin dutse mai kaushi da aman wuta ke bari, ZO kuma dabba ce dangin saniya a Tibet. Ki gaya mini a wace takardar WAEC zai gamu da su.

Haka bakwai ɗin nan da 'yan wasa ke ji da su, A, E, I, N, R, S, T. Wanda ya zube 'ya'yansa bakwai a tashi ɗaya yana da ƙarin maki 50, shi ya sa ake haddace RETAINS, NASTIER, RETINAS, STEARIN, duk daga haruffan nan. Ka tambayi mai wasan me ake nufi da ta ƙarshen, da wuya ya ce maka wani sinadarin kitse ne.

Babbar shaida ita ce Nigel Richards, mutumin New Zealand. A 2015 ya ci gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin ya haddace cikin 'yan makonni. Ba raina wasan nake ba fa. A shekarar ce Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya lashe ta Turanci a birnin Perth na Ostireliya, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, kuma mun yi alfahari. Scrabble na gyara rubutun kalma sosai, yana koya lissafin ka, yana nuna wa yaro yadda RE- da UN- da -ING ke manne wa kalma su sauya ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Cike-gurbi kuwa daga ma'ana yake farawa. Tun wanda Arthur Wynne ya buga a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, tsarin bai sauya ba: a ba ka bayani, kai ka nemo kalmar da ta dace da yawan gidajen. Za a ce "abundant", gida tara, sai yaro ya lalubo PLENTIFUL. To ai wannan shi ne ainihin tambayar "kalma mafi kusa a ma'ana" da WAEC da JAMB ke yi, an dai sa mata rigar wasa ne.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake tilasta maka sanin cewa kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu. A ce an rubuta "Nigerian capital", gida biyar, na ƙarshe A. Hannu na rawa za ka cike ABUJA. Sai kalmar da ta gitta ta ƙi zama, don harafin farko N take nema. Ashe capital ɗin jari ake nufi, ba babban birni ba: NAIRA. Yaron da aka taɓa yi wa wannan tarko ba zai sake mance ma'ana ta biyun ba. A Scrabble kuwa NAIRA ta halatta, ABUJA ta haramta don sunan gari ce, kuma iyakar abin da za a koya masa ke nan.

Sai dai cike-gurbi na da nasa cikas. Na jaridar New York Times cike yake da sunayen 'yan wasan ƙwallon Amurka da shirye-shiryen talabijin ɗinsu, abin da yaron Kano ko Zariya ba shi da dalilin sani. In shi za a yi, a tsaya a na ranar Litinin, shi ne mafi sauƙi; yana ƙara tsauri har zuwa Asabar. Na Ingila da ake kira cryptic ma kada a kusance shi yanzu, nan ne ake ce maka "flower" ana nufin kogi, wai don yana gudana, wato "flow". Ki nemo masa wanda aka rubuta wa "quick" ko "easy", ki ajiye masa ƙamus na ɗalibai irin Oxford Advanced Learner's a gefe, da littafin rubutu. Duk kalmar da ta kayar da shi ya rubuta ta, ya sa ta cikin jimla tasa.

Wordle, in ya ce miki shi abokansa ke yi a waya, ɗan'uwan Scrabble ne: haruffa biyar, gwaji shida, ba a tambayar ma'ana. Ya yi abinsa bayan ya gama na ranar.