Faci ko a tone layin duka? Amsa ga Alhaji mai biki

Alhaji, Allah ya sanya alheri a bikin 'yarmu. Kan tambayarka, ko a yi wa bututun bandaki faci a lallaɓa har a gama biki, ko a tone shi duka har sokawe tunda saura mako uku: ka tone. Gobe ma, in mai gyaran famfo yana kusa.

Duka biyun na yi a gidanmu na Agege a Legas. Faci na fara, kuma gaskiya ya fi araha, wuni ɗaya aka gama. Alherinsa ke nan. Wata biyu bai cika ba ya sake ɓallewa, ana saura kwana biyu sunan ɗana, Hajiyarmu ta taso tun daga Katsina don wankan jego, ɗakuna cike da baƙi. Ruwan masai ya dawo ta cemba, wato ɗan ramin da ake ginawa a kan layin bututu, ya malale tsakar gidan da muka shirya ɗora tukwane. A gidan maƙwabci aka yi girki, mata suka wuni a can. Har yau in na tuna tsohuwa riƙe da buta tana neman inda za ta zaga, raina sai ya ɓaci.

Daga baya na gane dalili. Tsohon bututu ba ya fashewa haka kawai: ko ƙasar da yake kwance a kai ta zauna, ko saiwar bishiya ta shiga ta mahaɗa. Ka sauya guntu ɗaya, sauran na nan a lanƙwashe, kuma sabon roba ba ya kama tsohon na yumɓu ko na siminti da kyau. Gidan mutum bakwai zai iya lallaɓawa da haka. Ranar da suka zama talatin, kowa na wanka da alwala, a ranar zai nuna hali.

Wanda ya tone mana wani dattijo ne Bayarabe, Allah ya saka masa. Bai taɓa diga ba sai da ya ja igiya daga bandaki zuwa sokawe, ya auna gangara da siririn tiyo mai ruwa a ciki. Ƙa'idarsa ga bututu mai inci 4, duk mita 4 ya sauka kamar santimita 10. In ya kwanta sosai ƙazanta ta tsaya, in wani wuri ya lotsa nan za ta taru. Ya shimfiɗa yashi a ƙasan ramin, ya gina cemba mai murfi a kowace kwana, don ko ya toshe wata rana a zura sanda ba sai an fasa daɓe ba. Kafin a rufe, ya jefa lemun tsami a cembar farko ya bi shi da bokitin ruwa. Yarana suka ruga can ƙarshe suna jira, sai ga lemo ya ɓullo, suka sa ihu. Kwana huɗu aka yi, shekara ta uku ke nan ban sake kiran kowa ba.

Ku da kuke wajen Mile 12 ma kun fi mu buƙatar gaggawa, don ruwa yana kusa da saman ƙasa. In ruwan Yuni da Yuli ya kankama, ana tona rami yana cika, gefensa na zubewa.

Abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa: kada ka miƙa kuɗin kaya ka zauna a gida. Akwai masu nuna maka bututu mai kauri, in an zo lodi su cusa mai laushi, wanda bai dace a binne ba, balle inda mota ke takawa. Wani lokacin da haɗin bakin mai aikin, su raba rarar. Ka je da kanka, ko kasuwar kayan gini ta Coker a Orile ko inda ka saba. Ka danna bakin kowane ɗaya da hannu, wanda ya lotsa ka ajiye musu. Ka karanta rubutun jikinsa, ka nemi tambarin NIS, wato shaidar ingancin kaya ta Najeriya, ka tsaya har a ɗaure a mota. Gwiwar bututu da gam ma a saye su a gabanka.

Ka ce a fara daga wajen sokawe a taho, a bar muku bandaki ɗaya yana aiki har ranar haɗawa. Tunda an buɗe wurin, ka kira motar yashe masai ta kwashe kafin baƙi su iso. Daɓe da tayil su jira bayan biki, ƙasar ma tana son ta zauna. A cike ramin a daddanne, a baza yashi, a shimfiɗa tabarmi a kai.