Kan gwaji na koyon sa bututun ruwan ƙwaƙwalwa: wanne ya cancanci kuɗinku?

Duk sashen tiyata da ke horar da ƙananan likitoci a nan Damagaram, shawarata ya nemi kan roba da aka buga da na'urar 3D daga hoton sikana. Na'urar kwamfuta mai kwaikwayon tiyata irin ImmersiveTouch ta yi tsada, kuma da an ɗauke wuta darasi ya tsaya. Gawa kuwa kogon ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwarta, inda ake son bututun ya shiga, ya riga ya motse.

A kan 3D hannu ne ke koyo. Ɗalibi zai auna santimita 11 daga gindin hanci, tsakanin idanu, ya yi baya, sannan santimita 3 daga tsakiyar kai ya yi dama. Nan ne wurin Kocher, kamar santimita 1 gaban mahaɗin ƙashin da ya ratsa kai. Sai ya huda da mahujin gaske, ya saita bututu zuwa kusurwar ido ta ciki da ɗan gaban kunne. Tsakanin santimita 5 da 7 ruwa ke fitowa. In bai fito ba, a zare a sake saiti, domin ƙara turawa shi ke kai bututu cikin talamus, wani sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa. Hudar da ta matsa tsakiya na iya fasa babbar jijiyar jini, wadda ta yi baya kuma ta taɓa sashen motsa gaɓoɓi.

Ku tambayi da me aka yi ƙwaƙwalwar da ke cikin kan gwajin. Jelatin na narkewa tun wajen digiri 35, zafin Afrilu bai bar shi ya kai azahar. Agar, wani abu mai daskarewa kamar jelatin, shi ne ke jurewa, kuma ana iya dafa shi a sake zubawa.

Inda nake jin takaici shi ne algus ɗin dillalai. Wasu ƙoƙon kan nuni na aji suke sayarwa da sunan kan gwaji. Wasu sukan kumbura kogon har ko makaho ya dace, ɗalibi ya ɗauka ya iya, alhali wanda ya faɗi a babur kogonsa na iya matsewa ko ya karkace. Kada ku biya sai kun sa kan a sikana kun auna kogon. Ku huda da kanku: robar da ba ta da ɓawo biyu irin na ƙashin kan mutum ba ta koya wa hannu tsayawa kafin mahuji ya zurma. A haɗa muku da faifan ƙashi na canji da yawa, don kowane faifai huda kaɗan yake ɗauka, odar wani kuma sai an yi doguwar jira.